Kan Sarki

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a garin nan,
daga Kawo har Kakuri, a kan keke mai gurguwar ƙararrawa.
Nakan san karen gida kafin in san mai gidan.
Yau keken na jingine a zaure, kaji ke kwana a kansa.

Jiya a teburin Mati mai shayi
wani yaro ya ɗago kai daga wayarsa ya ce
wai akwai ƙasashen da mutum ke rajistar zaɓe daga ɗakinsa:
ya cike takarda, ya lashi bakin ambulan,
ya manna kan sarki, shi ke nan.
Mati ya ɗaga ludayi sama, ya ce, "To, wa ke so?"
Na ƙirga hannuwa yadda nake ƙirga buhunan safe:
tara a sama,
biyu riƙe da kofi suna gyaɗa kai,
ɗaya, na Yohanna, a aljihu.

Yohanna, da masaƙa ta sallama tun ba shi da furfura,
ya ce, "Ku sauke hannuwanku.
Ranar da aka buɗe wannan ƙofa
matattun Tudun Wada za su riga ku sayen kan sarki.
Wani zai zauna bayan shago da biro uku
ya haifi unguwa guda kafin la'asar."
Aka bushe da dariya.
Ni ban yi ba, don na san bai yi ƙarya ba.

Amma kuma na san Tabawa.
Rigasa, layin mai niƙa, bayan rijiyar da ta ƙafe,
gida ba lamba, ƙofar langa-langa shuɗiya.
Ni nake karanta mata saƙon ɗanta daga Fatakwal
tana tsayar da ni, "Maimaita wurin gaisuwar."
Sau uku jikanta ya kai ta wurin rajista.
Ran farko na'ura ba caji.
Rana ta biyu layi ya kai bakin kwalta,
gwiwarta ta riga haƙurinta ƙarewa.
Ta uku ta isa gaban tebur,
sai na'ura ta ƙi yatsanta:
shekara hamsin na wankau da dakau
sun shafe zanen tas, kamar allon da aka wanke.
Ta dubi babban yatsan ta ce,
"Ashe har kai ka manta ni."

Ambulan ba shi da gwiwa, Yohanna.
Takarda ba ta jin rana,
ba ta barin tukunya a wuta don ta riƙe layi.
Ɓarawon da kake tsoro ya daɗe da sanin hanyar layin ma,
kuma ba a fasa shuka gero don tsuntsaye,
sai dai a rataya gwangwani, a sa yaro ya ja igiya.

Ban ce na san yadda za a yi ba.
Wa zai nemo gidan da ba lamba
yanzu da mu masu sanin lungu muka tsufa?
Wa zai rantse cewa hannun Tabawa ne?
Ban sani ba.
Tara dai suka ɗaga hannu, na gani da idona,
har da Mati, shayi na zuba a murhu.

Da safe na rubuta wa hukuma wasiƙa da sunanta,
ta dangwala shafaffen yatsan da tawadar birona.
Na taka har tsohon akwatin nan na bakin titi.
Zanzaro ya yi gini a bakinsa.
Na kauda ginin da makulli,
na tura ambulan, na kasa kunne.

Na ji faɗuwarsa can ƙasa.
Ba a kan wata takarda ya faɗa ba.